Bikin da Na Yanke Saboda Kujerar Hidaya

Assalamu alaikum, 'ya'yana da jikokina masu bin wannan shafi. Ni ce Hansai mai ƙuli ta Toranke. Ban iya rubutu ba, magana nake yi a waya mai shafin ta juye muku, saboda haka in kun ga zance ya yi kwana, bakin tsohuwa ne, ku yi haƙuri da shi. Ba nasiha na zo yi muku ba. Abin da ya tokare mini ƙirji na zo saukewa, don a gidanmu mu biyu ne, kuma ɗayar yanzu ba ta son jin muryata.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ni, Inuwa, ya kuma karɓi abinsa 'yarsa Hidaya tana rarrafe. Uwarta ta fita takaba ta yi aure a Kademi, aka bar mini yarinyar. Da suyar ƙuli da matsar man gyaɗa na kai ta makaranta har Kano, ban ci bashin kowa ba. Ku tambaya a Toranke. Ni ana cin bashina, ba na kuma manta ko sisi, amma ban taɓa kwana da na wani a wuyana ba. Ku riƙe wannan, za ku ga inda ya kai ni.

Da ta gama karatu ta samu aiki a wani babban sito a bakin kasuwar Ajingi, na wani kamfani mai sayen gyaɗa da riɗi. Ita ce a kan sikeli. A ɗora buhu, ta duba, ta danna a kwamfuta, manomi ya karɓi 'yar takardarsa ya je a biya shi. Kullum da sassafe za ta goge hijabinta ruwan ƙasa da dutsen guga na gawayi, ta rataya katin aiki a wuya, ta fesa turarenta mai ƙamshin lemo, ta leƙo ta ce, "Ƙawata, na tafi." In ce, "A dawo da tsaraba ko a kwana a waje."

Abin da na daɗe ban gane ba, ashe ita ba ma'aikaciyar kamfanin ba ce. Akwai wani ofis a Kano, ejensi suke ce masa. Su ba sa sayen gyaɗa, ba sa sayarwa. Mutane suke bayarwa haya, yadda ake ba da hayar shanun huɗa da damina. Kamfani ya biya su dubu casa'in a kan Hidaya, su miƙo mata sittin. Duk wata uku ta sake sa hannu kamar sabuwar zuwa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, a cire. Shekara biyu ana haka.

Wanda ya kai ta wajensu shi ne Kamilu, ɗan Kademi, wakilin ejensin a Gaya da Ajingi. Daga kawo takarda aka koma kawo gaisuwa, daga gaisuwa aka koma zance. Yaro ne mai kunya, ba zan yi masa ƙarya ba. Zai zo bayan la'asar a kan babur, da shaddarsa guda biyu da yake juyawa, ruwan toka da shuɗiya, jakar takardu a baya, ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ni. Ni Dillali nake ce masa.

"Dillali, yau mutum nawa ka sayar?"

"Iya, kasuwa ba ta ci ba. Ke nake so in kai, an ce ana neman mai lissafi."

"Ba ku da kuɗina."

Haka muke da shi. Manya sun san da maganar, ana cewa bayan kaka za a kawo kuɗi.

Wata Laraba ta dawo tun daga zaure tana kirana, takalmi ɗaya a ƙofa ɗaya a tsakar gida. Manajan siton, Malam Da'u, ya kira ta ofis. Ya ce an buɗe kujera ta dindindin, albashi dubu ɗari da ashirin, da katin asibiti, da hutu, har da fansho, kuma ita yake so. Sai dai akwai ƙulli. In kamfani ya riƙe wanda ejensi ta kawo, sai an biya ejensin kuɗin sallama, albashin wata uku cur. Don haka in wannan wa'adin ya ƙare kada ta sake sa hannu. Ta ce ta gaji, ta zauna a gida kwana biyu, shi zai shigo da ita ta ƙofar gaba ba wanda ya sani. Ya ja mata kunne kada ta faɗa wa kowa.

Ta faɗa mini, wannan ba laifi. Matsalar ita ce a lissafinta Kamilu ma ba ya cikin waɗanda ake ɓoye wa.

Ina bakin murhu ina mulmula tunkuza na ji ta a ɗaki tana yi masa saƙon murya, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Albishirinka. A'a, sai ka faɗi goron tukuna." Da kunnena na ji, ban tashi ba. A ganina mace ta faɗa wa wanda za ta aura alherin da ya same ta, mene ne a ciki?

Amsarsa ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo ta kunna mini. "Masha Allah. Na taya ki murna. Allah ya sa alheri." Shi ke nan, muryar a bushe.

Na ce, "Wannan barka ce ko ta'aziyya?"

Ta ce, "Kai Iya, yana kan babur ne."

Sati bai zagayo ba ejensi ta aika wa kamfani cewa labari ya iso musu, kuma kuɗin sallamar Hidaya dubu ɗari uku da sittin ne.

Ranar da Kamilu ya zo ban bar su su biyu a zaure ba. Na jawo kujerata 'yar tsuguno na zauna a bakin ƙofa da farantin gyaɗa ina ɓarewa. Ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

Ta ce, "Kai ne?"

Ya ce, "Ni ne."

"Ko ƙarya ba za ka yi mini ba?"

"Hidaya, ni na sa hannu a kanki. Duk wanda na kawo ya sulale ta baya, a wuyana ake cire kuɗin, sannan a kore ni. An yi wa wanda na gada, har babur ɗinsa aka karɓe. Garin nan ba ya ɓoye magana, ko ban faɗa ba za su ji. Na yi zaton kamfanin zai biya, su kuɗin nan ba komai ba ne a wajensu."

"Ka yi zato. Ka tambaye ni? Ni fa ba wakilin ejensi na yi wa albishir ba."

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur.

Na ce, "Dillali, in an biya, nawa ne la'adarka?"

Ya yi kamar bai ji ba. Na maimaita.

"Kashi ɗaya cikin goma, Iya."

"To. Mu a kasuwa sau ɗaya ake cin la'ada, ranar da aka sallama. Ku kun ci kowane wata har shekara biyu, yanzu kuma kuna neman kuɗin saniyar gaba ɗaya. Ku kuka haife ta ko ku kuka yi mata makaranta?"

"Iya, ba ni na rubuta ba. Ni ma wata uku-uku nake sa hannu."

Wannan kam ban sani ba sai ranar. Amma Hidaya ta riga ta miƙe. Ta shige ɗaki, na ji ta sa sakata. Daga baya ta ce mini ta rufe lambarsa, ko ya kira ba zai shiga ba.

Malam Da'u ya ce hedkwata ba za ta biya ko kwabo ba, tunda in sun ɗauko baƙo daga waje kyauta ne. Amma in mu mun biya muka kawo masa shaidar sallama kafin sabuwar gyaɗa ta shigo, zai tura sunanta. In ba haka ba, ta ci gaba da sa hannun wata uku har ta tsufa, ko ta zauna a gida wata shida igiyar ejensi ta sake ta, a lokacin kuwa wani ya daɗe da zama a kujerar.

Yarinyar nan ta daina fesa turare. Za ta tafi aiki ta dawo ta kwanta tana kallon rufin ɗaki, tuwo ya huce a kwano. Ni kuwa na ce a raina ai ba a rasa ba. Ina da biki.

Ku yaran birni, bari in gaya muku abin da muke nufi da biki a nan, ba taron kiɗa kaɗai ba ne. In ƙawarki tana aurar da 'ya ko an yi mata haihuwa, ki kai mata kuɗi ko zane ko kwano. Ba kyauta ba ce, ajiya ce. Ranar da sha'ani ya zo gidanki ta ninka ta kawo miki. Ba a rubutawa, ba a tuni, ba a kuma karɓa sai da sha'ani. Ni kuwa rabon gidana da sha'ani tun sunan Hidaya. Shekara ashirin da 'yan kai ina kaiwa ba na karɓa. Babu auren da aka yi daga Toranke zuwa Ajingi ban ɗaura mayafi na je ba, mata suna yi mini dariya wai Hansai ba ta gajiya da unguwa. Ni na san abin da nake yi. Ranar auren Hidaya nake tarawa, ranar da zan shimfiɗa tabarma in zauna kowa ta zo ta sauke ninkinta. Duk suna cikin kaina, wadda na ba, da abin da na ba ta, da zanen da ke jikinta ranar.

Hanya ɗaya ce ake karɓa babu sha'ani. Ki je da ƙafarki ki ce kin yanke. Sai a ba ki daidai abin da kika kai, babu ninki, kuma daga ranar ba ke ba ita a sha'ani. Mai barin gari ce take yin haka, ko wadda aka yi baram-baram da ita.

Na fara da Hanne, maƙwabciyata, wadda aka kawo mu garin nan amare a shekara ɗaya. Na same ta tana tsince wake a faifai.

"Hansai, mayafin unguwa da hantsi? Wa ya haihu ban ji ba?"

"Biki na zo yankewa."

Ta yi dariya har da tafa cinya. Da ta ga ban taya ta ba sai ta ajiye faifan.

Na ce, "Auren Ummi na kawo miki dubu biyu da turmin atamfa. Sunan ɗanta na fari ɗari biyar. Auren Ɗanasabe dubu uku."

"Na ce miki na manta ne? Ki bari yarinyar ta tashi aure ki ga abin da zan yi. Ni da na yi wa uwarta wankan jego."

"Ba zan iya jira ba, Hanne."

Ta dube ni ta daɗe. Ta shiga ɗaki, can ma ta daɗe. Ta fito da dubu biyar da ɗari biyar, da sabon turmin atamfa a leda, mai ganye-ganye kore. Ta ce, "Wannan dama na Hidaya ne, tun bara na saya. Tunda a kasuwa zai ƙare, ga shi." Ba ta raka ni ƙofa ba. Shekara hamsin, ranar ce ta farko.

A hanya na tsaya a gindin dalbejiya na sake ƙirga kuɗin, sai na lura da wani abu. Dubu biyun da na kai wa Hanne a auren Ummi, akuya na sayar na kai. Yau dubu biyun nan ko kwanon gyaɗa ba ta cikawa. Lissafina daidai yake, ban yi kuskuren sisi ba. Kuɗin ne ya ruɓe a inda na ajiye shi.

Duk da haka ban fasa ba. Gida-gida na bi, da rana, kowa na kallona. Wata ta ba ni tana kuka, wata ta watso mini a tabarma. Kadijatu ta rasu bara, surukarta ta ce ita ba ta gaji biki ba. A Ajingi na shiga wajen Amarya, wadda haƙoranta suka zube amma sunan ya ƙi barinta. Ita bakinta ba ya da linzami.

"Wato jikarki za ki sayo? Da muna jin kakanni na cewa an fanshi wane, ban san abin ya dawo ba."

"Dubu huɗu ne da kwalla biyu, Amarya."

"Na sani, uwar lissafi. Kin fi kowa wayo a ƙasar nan, kin mayar da mu rumbunki. To gara ta shiga rumbun, sai ki yi haƙuri." Ta kwance bakin zane tana ƙirgawa da yawu. "Ni tambaya ɗaya zan yi miki. Ranar auren yarinyar wa zai zo miki? Sikeli?"

Na ce, "In tana da albashi za ta yi wa kanta kayan ɗaki."

Ta ce, "Kayan ɗaki ake saye. Mutane fa?"

Na ɗaure kuɗin na fito.

Da na gama zagaye na sayar da zannuwa da kwanuka, abin da ya taru dubu casa'in ne da 'yan kai. Bikin shekara ashirin ke nan. Na kai akuyoyina uku kasuwa, na haɗa da gyaɗar da nake juyawa, wato jarina, aka samu ɗari da ashirin. Saura ɗari da hamsin, ga gyaɗa ta fara nuna a gonaki, masu sammako har sun fara cira.

Sai ga Kamilu da hantsi, lokacin da ya san tana wajen aiki. Ya rame, shaddar ruwan tokar ta yi masa yawa. Ya tsuguna ya ajiye baƙar leda a gabana.

Na ce, "Na mene ne?"

"Na lefe ne, Iya. Tun bara nake tarawa. Ɗari da hamsin ne, Hanne ta gaya wa innata abin da ya rage."

"In ka bayar, da me za ka yi auren?"

"Da wa? Ko a sito na je sai ta juya mini baya tana magana da buhu."

"Ba na karɓar kyauta daga hannun da ya jawo mini."

"To ki karɓa bashi. Duk ranar da kika samu."

Na dubi ledar nan, na dubi ɗakin Hidaya, ga hijabinta na canji a kan igiya. Na ce, "Kada ta sani." Ya ce ba za ta ji daga bakinsa ba. Na ce, "Kai da bakinka ai mun gani." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya tashi. Ranar na ci bashin farko a rayuwata.

Ranar Alhamis muka hau motar Kano ni da ita, kuɗin a ɗaure a cikina ƙarƙashin zane. A mota ta raɗa mini, "Iya, duk biki ne wannan?"

Na ce, "Kin raina ni ne?"

Ta kwantar da kai a kafaɗata. Na ji ƙamshin lemon nan, ashe ta fesa.

Ofishin a saman bene yake, sanyi kamar cikin randa. Wata mata mai dogayen farce ta zuba kuɗin a inji ya ƙirga, abin da na yi sati uku ina tarawa ya wuce fir kafin in gyara zama. Ta buga takarda ta sa hatimi. Ta miƙo hannu ta ce, "Katin wuyan." Hidaya ta cire ta ba ta. Ta ce, "Daga yau ba kya ƙarƙashinmu. Allah ya ba da sa'a." Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har wani mai gadi ya waiwayo. A tasha na saya mana gurasa da tsire, muka ci muna dariya kamar yara.

Ni da ban taɓa biyan kuɗin akuya ba sai igiyarta tana hannuna, ban tambayi kowa ina kujerar take ba.

Litinin na ce zan raka ta, in kai wa Malam Da'u galan ɗin mai na godiya. Ta sa sabon hijabi ruwan hoda, da takalmi mai ɗan tudu. Muna sauka a bakin sito na hango babur ɗin Kamilu a jingine. Muka shiga. A kan kujerar sikeli ga wata yarinya zaune, siririya, da katin ejensi sabo fil a wuya, Kamilu na tsaye a kanta yana nuna mata inda ake dannawa. Kofin shayin Hidaya ma yana nan a gefen kwamfutar.

Malam Da'u ya fito da sauri ya ja mu ofis. Ya karɓi takardar sallama ya duba, ya ce madalla, yau-yau zai tura.

Hidaya ta ce, "Yallaɓai, waccan fa?"

"Zuhra ce. Kin ga sikeli ba ya zama babu mutum, ga kaka ta zo. Tunda sun sallame ki, dole su cike gurbinsu, haka yarjejeniyar take. Ke taki kujerar daban ce, sai hedkwata ta zauna ta sa hannu."

Na ce, "Yaushe za su zauna, ɗan nan?"

"Sun ce sai an ga yadda kakar ta kasance, Iya."

"Kafin nan ita wa zai biya ta?"

Ya gyara hula. Ya ce in sha Allahu ba za a daɗe ba.

Na ce, "Tsaya in gane. Aikin da Hidaya take yi, waccan za ta yi?"

"Shi ne."

"A kan casa'in, babu asibiti babu fansho?"

"Haka ne."

"To in kai ne mai kamfanin, me zai sa ka yi gaggawa?"

Ban ga mugunta a fuskarsa ba, shi ma aiko shi aka yi. Na ajiye masa galan ɗin man, don na riga na kawo, ba na komawa da kyauta.

A waje Kamilu ya biyo mu har bakin titi. Ya ce wallahi shi ya zaci takardar ɗaukar aikin tana hannun manaja, jiya da yamma aka kira shi aka ce ya kawo wata. Hidaya ta juya baya tana kallon motoci.

Na ce, "Ita ma da la'ada?"

Sai ya zaro kuɗi daga aljihu, a naɗe da roba. "Kasona ne na sallamar Hidaya, sun turo. Dubu talatin da shida. Ba zan iya ci ba, Iya."

A nan bakina ya riga hankalina. Halin shekara da shekaru ne, in an zo lissafi ba na ganin kowa. Na ce, "Riƙe. Ka cire a cikin abin da kake bi na, saura ɗari da sha huɗu."

Hidaya ta juyo a hankali.

"Wane abin da yake bin ki?"

Wani mai amalanke ya ce mu ba shi hanya, muka matsa.

"Iya, na tambaye ki a mota. Kika ce na raina ki."

Na ce, "Bashi ne, ƙawata. Zan biya."

"Da me? Jarin da kika sayar, ko akuyoyin?" Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. "Kin fanso ni daga hannunsu kin jinginar da ni a hannunsa."

Kamilu ya ce, "Hidaya, ni ban nufi..."

Ta ce, "Kai kullum ba ka nufa." Ta tsayar da mota ta shiga gaba, ni na shiga baya. Har Toranke ban ga fuskarta ba.

Yau gyaɗa ta cika kasuwa. Ina jin motocin kamfanin suna wucewa da buhuna, Zuhra tana aunawa. Ni da nake saye da buhu, yanzu aikatau nake yi, ina matsa wa wasu mai a biya ni da tunkuza. Abin da na samu ina ware na Dillali a gwangwani. Bai taɓa tambaya ba. Ranar Juma'a yakan wuce ta ƙofar gida a hankali, ba ya tsayawa.

Shekaranjiya aka raba alawar auren jikar Amarya. Na ji masu rabon a gidan Hanne, na ji su a gidan da ke bayanmu. Na gyara ɗaurin ɗankwali na zauna a tsakar gida. Suka tsallake ƙofata. Ba su yi laifi ba, ni na yanke.

Hidaya kuwa ba ta fasa ba. Kowace safiya sai ta hura gawayi ta goge hijabin ruwan hoda, ta rataye a ƙusa, ta kai waya caji, ta dawo ta ajiye ta a kan tabarma kusa da ƙafarta. Tana gaishe ni, tana ɗebo mini ruwa. Amma ta daina ce mini ƙawata.

Ɗazu da hantsi wayar ta yi ƙara. Ba saƙon murya ba ne, da na ji da kunnena. Rubutu ne, dogo, na ga ta daɗe tana ja da yatsa. Ta karanta, ta koma sama ta sake karantawa. Na leƙa ta kafaɗarta. Ni da nake riƙe da lissafin mata saba'in a ka, ga baƙaƙe a gabana kamar tururuwa, ban san ko ɗaya ba.

Na ce, "Daga Malam Da'u ne?"

Ta kife wayar. Ta ce, "Ba komai, Iya."

Ta tashi ta zare hijabin daga ƙusa, ta ninke shi gida huɗu. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fitar da duk abin da ke ciki, ta sa shi a can ƙasa, ta mayar da kayan a kansa.

Sannan ta fito ta tsuguna a bakin murhu, ta naɗe hannun riga, ta ce, "Nuna mini yadda ake matsar man."